Gado Na Huɗu Da Gado Na Biyar

Aikin dare nake yi a asibitin Tawa,
ɗakin maza, gefen tagar da ba ta rufuwa.
Akwai gwangwanin tumatir a ƙarƙashin teburina.
Duk harsashin da lokotoro ya zaro daga naman mutum,
nan yake jiran jandarma su zo da takardarsu.
Daren jiya biyu suka kwana a ciki.

Na farko daga cinyar Nomau ya fito,
manomin albasa, gado na huɗu.
Bara, da aka yi shela a kawo makamai,
shi ya fara isa ƙofar hakimi
da bindigar ubansa naɗe cikin buhun taki.
Aka ba shi takarda mai hatimi, aka sa masa albarka.
Ran Lahadi yana komawa gida daga kasuwa,
kuɗin buhu talatin ɗaure a ƙugu,
masu babura suka tare shi a gangaren ƙorama.
"Sai in nuna musu hatimin?" in ji shi,
yana dariyar da ba ta kai idonsa ba.
"An karɓe sandar makiyayi,
an bar kura da haƙoranta talatin da biyu."

Tankari ba majinyaci ba ne.
A tabarma yake kwana, gindin gado na biyar,
inda Illa ɗan shekara takwas
ke jan numfashi kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi.
Shi bai kai tasa ba.
Ya tura ta cikin rumbu, ƙarƙashin damman gero,
ko matarsa bai gaya wa ba.
Yara suka hau neman ƙwan zabuwa.
Babban ya ce wa ƙaramin, "Ɗaga hannu,"
da wasa.
Tun ranar babban bai sake magana ba.

Wajen ƙarfe biyu suka fara,
murya ƙasa-ƙasa don kar su tada yaron.
Nomau ya ce, da tawa na hannuna
da yanzu ina tsaye cikin fadamata.
Tankari ya ce, da tawa na hannun hakimi
da yanzu ina zagin Illa kan ya bar awaki sun shiga gona.
Nomau ya ce, wa zai tsare mu? Bariki tafiyar yini ce.
Tankari ya ce, wa zai tsare mu daga rumbunanmu?
Kowa na kishin shawarar da ɗan'uwansa ya yanke,
kowa na tsine wa tasa.

Rediyon mai gadi na kawo muhawara daga Yamai,
masu manyan kalmomi, a tsananta, a sassauta.
Babu wanda ya taɓa wanke zanen gado a cikinsu,
da na ji a muryarsa.

Sai Nomau ya matsu.
Ban kai ga tashi ba, Tankari ya riga ni,
ya sa kafaɗa ƙarƙashin hammatarsa,
suka ja ƙafa uku zuwa bayan gida,
suna ci gaba da musu a hanya.

Da hantsi jandarma ya zo, biro a baki.
"Wanne ne na 'yan fashi, wanne ne na gida?"
Na juye gwangwanin a tafin hannuna.
Nauyi ɗaya, launi ɗaya,
duka biyun sun lanƙwashe a kan ƙashi.
Na ce, ranka ya daɗe, ban sa musu alama ba.

Yanzu ina bakin famfo ina cuɗa hannu.
Saƙon ƙanena Assumana na cikin waya tun shekaranjiya:
yana son rancen jaka tamanin,
wai don tsaron gida.
'Ya'yansa huɗu. Hanyarsu ma ta gangaren ƙoramar take bi.

Sabulu ya ƙare,
ban ba shi amsa ba.